Bayan an ɗauke gawa, wa ke wanke ɗakin?

Idan aka kashe mutum a ƙauye, ko ya faɗi ya mutu cikin jini, kowa ya san aikinsa. Akwai mai zuwa kiran liman, akwai masu haƙa kabari, akwai mai yanko likkafani, akwai wanda zai ɗauko makara daga masallaci. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, an zauna karɓar gaisuwa. Aiki guda ne ba a ɗora wa kowa ba, ba a kuma tayar da maganarsa a wurin zaman makoki: wanke wurin da abin ya faru. Jinin da ya jiƙe katifa, ya ratsa tabarma, ya shige daɓe, wani ne zai durƙusa ya kankare shi. Galibi matar mamacin ce, ko ƙanwarsa, ko wata maƙwabciya mai ƙarfin zuciya, da bokiti da tsumma da ƙullin Omo, babu ko safar hannu.

A Bangi, hedikwatar ƙaramar hukumar Mariga, da sauran ƙasar Kontagora, wannan tambaya ta daina zama ta jefi-jefi. Yankin yana bakin dazukan da suka haɗe Neja da Zamfara da Kebbi da Kaduna, kuma shekara da shekaru 'yan bindiga suna cin karensu babu babbaka a cikinsa. A watan Oktoban 2021 an harbe masallata 18 a masallacin Mazakuka da ke ƙaramar hukumar Mashegu ana cikin sallar asuba. A 2024 ƙasar nan ta ɗauki muhawara kan shirin kakakin majalisar dokokin Neja, Abdulmalik Sarkin-Daji, na aurar da 'yan mata 100 daga Mariga, waɗanda aka ce da yawansu marayu ne da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye. A watan Yunin 2025 rundunar soja ta tabbatar da rasuwar sojoji 17 a wata arangama a yankin na Mariga. Kowace lamba a cikin waɗannan tana da ɗakinta, ko zaurenta, ko sahunta a masallaci, ko bayan motar da aka ɗauko mai rauni a ciki. Jaridu sukan ƙirga gawawwaki su wuce. Wanda ya naɗe dardumar masallacin, da inda ya kai ta, da abin da ya same shi bayan wata shida, babu mai bibiya.

A wasu ƙasashe wannan aiki sana'a ce mai lasisi. A Amurka 'yan sanda ba sa wanke wurin da aka yi kisa; idan sun gama ɗaukar hoto da tattara shaida sai su miƙa wa masu gida wurinsu yadda yake. Daga nan ne kamfanoni suka taso, musamman bayan 1991, lokacin da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta fitar da ƙa'ida kan cututtukan da ke bin jini: duk wanda aikinsa ke haɗa shi da jinin wani, dole ubangidansa ya ba shi horo da kayan kariya da allurar rigakafin ciwon hanta. Jihar Kalifoniya ta ƙara da dokar da ta wajabta wa masu wannan sana'a yin rajista da ma'aikatar lafiya. A Japan kuwa abin da ya raya sana'ar daban ne: tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki, ba a sani ba sai wari ya fito. Ma'aikatan sukan yanke kafet, su ɓamɓare katakon ƙasa idan jini ya shige shi, su zuba komai a jakunkuna na musamman a kai wurin ƙonawa. Kuɗin aiki ɗaya kan kai dubban daloli, inshorar gida ko asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta ke biya.

Wanda ya ce a kawo irin wannan kamfani Bangi bai san Bangi ba. Amma dalilin da ya sa aka kafa su yana nan tare da mu, har ma ya fi ƙarfi.

Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da gwajin ciwon hanta, ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ita wannan ƙwaya tana iya zama da ranta a busasshen jini har kwana 7 ko fiye. Ta nau'in C ma takan yi makonni. Ƙanjamau, wadda ita mutane suka fi tsoro, ita ce ta fi saurin mutuwa a waje, kuma ta fi wuyar kamawa: idan allurar da ta taɓa jinin mai ita ta soki mutum, kusan sau 3 cikin 1,000 ne ake kamuwa, alhali a ciwon hanta na B abin yakan kai 30 cikin 100 idan ƙwayar ta yi yawa a jikin mai ita. Sai a dubi hannun da ke wankin. Hannun macen karkara ne, mai kaushi da faso, da yankan wuƙa, da tsagar itace. Ƙofa a buɗe take. Cutar kuma ba ta nuna kanta a sati ɗaya. Wani jikinsa zai kore ta, wani za ta zauna masa shiru, sai bayan shekaru ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, a ce shawara ce ko sammu. Ba wanda zai tuna da ranar da aka wanke ɗaki.

Mu ba baƙi ba ne a sha'anin kawar da jini. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san jinin da ya kwarara najasa ne, ya san ana gusar da ita da ruwa mai tsarki mai tsarkakewa har sai ɗanɗanonta da launinta da warinta sun tafi. Wannan tarbiyya ce ta sa ba a barin jini ya kwana a masallaci, kuma tushe ne mai kyau. Sai dai ma'aunin fiƙihu ido ne da hanci da harshe, an gina shi don ingancin salla, ƙwayar cuta kuwa ba ta da launi ba ta da wari. Wuri kan yi tsarkin da za a yi salla a kai amma yana ɗauke da ciwon hanta. Akasin haka ma yana faruwa: ruwan da aka zuba wa bilic ya canza wari, don haka a mazhabar Malikiyya ba shi ne ruwan da ke gusar da hukuncin najasa ba, ko da ya kashe duk wata ƙwaya. Na ji ana kawo wannan a matsayin saɓani tsakanin malamai da ma'aikatan lafiya. Babu saɓani ko kaɗan, jerantawa ce kawai. A fara da bilic, a bar shi ya yi aikinsa, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. Liman ya samu nasa, duba-gari ya samu nasa. Da za a ji wannan bayani na minti biyu daga bakin limaman Juma'a na Bangi da Kotonkoro da Beri, da ya fi fastoci dubu amfani.

Shi kansa aikin ba shi da wani sirri, amma kuskure a cikinsa yana da yawa. Kuskure na farko shi ne sheƙa ruwa a bi da tsintsiya. Yin haka yana watsa jinin ne, ya fantsama a ido da baki, ya gangara kwata inda yara da kaji ke wasa. Abin da ake yi shi ne a fara tsotse jinin da tsumma ko takarda ko busasshiyar ƙasa, a kwashe, domin jini mai yawa yana kashe ƙarfin bilic. Sannan a wanke da sabulu, sannan a jiƙa wurin da ruwan bilic mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin 100. Jik da Hypo na kasuwa yawanci ƙarfinsu kashi 3.5 ne, ana iya dubawa a jikin roba. Ke nan kofi 1 na bilic, kofi 6 na ruwa. A bar shi a jiƙe minti 10 kafin a goge, kuma a nan ne gaggawa ke ɓata aikin. Na wanke hannu da tufafi ya fi wannan sauƙi sau goma: kofi 1 na wancan haɗin, kofi 9 na ruwa. Haɗin da ya kwana, ko ya sha rana, ƙarfinsa ya ragu. Kada a gauraya bilic da maganin wanke masai irin su Harpic, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Izal da Dettol da turaren wuta suna kore wari, suna kwantar da hankali, amma ba su aka tanada wa zubabben jini ba.

Littattafan wannan sana'a an rubuta su ne don gidajen tayil da katako. Gidan ƙasa yana da nasa hukunci, kuma ta wata fuskar ya fi sauƙi. Daɓen ƙasa ba ya wankuwa. Sai dai a sare inda jini ya shiga har a tarar da busasshiyar ƙasa, a kwashe, a sake daɓewa. Bangon laka a kankare a sake yaɓe. Siminti mai tsaga yana riƙe jini a cikin tsagar, sai an jiƙa sosai. Tabarmar kaba da katifar soso da filo ba su da magani, ƙonawa ce, ko binnewa a rami mai zurfi da ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya. A nan ne ilimi ke karo da talauci. Ka ce wa matar da aka kashe wa miji, aka kore mata shanu, ta ƙone katifar da ita kaɗai ta rage a gidan? Za ta shanya ta a rana, ta juya ta, yara su ci gaba da kwana. Duk tsarin da bai zo da sabuwar tabarma a hannu ba, nasiha ce kawai.

Abin da ya sa nake ganin za a iya shi ne an taɓa yin wanda ya fi wannan wuya, kuma a maƙwabtanmu aka yi.

A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen duba sanƙarau da ƙyanda a Zamfara suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka koma haƙo dutse, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya gano kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu ta kai aƙalla 400. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga unguwar da mutane ke zaune bai wuce kashi 400 cikin miliyan ba.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitocin suka tsaya kan magana ɗaya: ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ya sha gubar. Sai an gyara gida tukuna. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga Amurka, TerraGraphics, wanda ya ƙware a share garuruwan ma'adinai, ya zo tare da cibiyar Blacksmith suka tsara aikin. Abin lura shi ne kayan aikin: fartanya, shebur, buhu, baro. Na'ura ɗaya ce ta zamani, wata 'yar ƙarama da ake riƙewa a hannu a ɗora a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin nan take. Mutanen ƙauyukan ne aka ɗauka aiki aka horar. Gida-gida ake bi, a nemi izinin maigida, a fitar da kaya, a kankare saman ƙasa kamar santimita 5, a ɗure a buhu a kai ramin da aka tanada a bayan gari, a sake aunawa, a kawo ƙasa mai kyau a shimfiɗa. Sarakuna suka hana niƙa dutse a cikin gari. An gama ƙauyuka bakwai, irin su Dareta da Yargalma da Abare, tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi har 2013, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki abin da ta yi alkawari.

A 2015 abin ya ɓulla a jihar Neja, a ƙaramar hukumar Rafi, wadda ke iyaka da Mariga: Shikira, Unguwar Magiro, Unguwar Kawo. Gwamnati ta sanar da mutuwar yara 28. Nan ma sai da aka yi fiye da shekara ana jira kafin a fara kwashe ƙasar a 2016, damina ta zo ta wuce a kan gubar, sannan MSF ta samu damar fara ba yara magani. Amma a wannan karon ƙasar nan tana da mutanen da suka riga suka iya aikin, waɗanda Zamfara ta horar.

Darasin da na ɗauko daga Shikira da Bagega ya fi ƙarfin maganar dalma. Aikin ya yiwu ne domin an auna kafin a fara, an auna bayan an gama, ba a dogara da ido ba. Domin 'yan gari ne suka yi shi da kayan da suka saba riƙewa, aka kuma biya su. Domin an bi ta hannun sarki da dagaci da maigida. Inda ya yi tuntuɓe kuma wuri ɗaya ne, sau biyu: sakin kuɗi. Ana kuma haƙar zinariya a sassan ƙasar Kontagora har gobe, saboda haka ko maganar dalmar ma ba ta zama tarihi ba.

Jinin wanda aka harba haɗarinsa a hankali yake zuwa. Akwai gawar da haɗarinta na nan take ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, tun farkonsa masu jinya ya fara ci: ma'aikatan jinya biyu na mishan suka rasu, sannan a 1970 likita Jeanette Troup ta asibitin mishan na Jos ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu. Bayan shekara hamsin, a Janairun 2020, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Aminu Kano suka rasu bayan sun yi wa wata mai ciki aiki. A jihar Neja, ɓarkewar 2015 ta fara ne a ƙauyen Fuka na ƙaramar hukumar Munya, mutane suna ta mutuwa ana binnewa, watanni suka shuɗe kafin labari ya isa ga hukuma. Ɓera ne ke kawo cutar, amma daga mutum zuwa mutum jini da amai da fitsari ne ke kai ta, wato daidai abubuwan da mai jinya da mai wankan gawa da mai wanke zannuwa ke taɓawa. Haka kwalara, wadda a 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 3,500: ruwan wankan gawar mai kwalara idan ya bi kwata ya isa rijiya, ko mai wankan ya juya ya shiga rabon abincin sadaka, an buɗe sabon babi.

Ebola ce ta tilasta wa duniya ta zauna ta yi tunani kan wannan. A Gini da Saliyo da Laberiya, jana'iza na cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi. Da farko aka riƙa ƙwace gawawwaki ana jefawa a jaka, mutane kuwa suka koma ɓoye matattunsu suna wankewa da dare. Sai a ƙarshen 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan shawara da malaman Musulunci da na Kirista, ta fitar da tsarin binnewa cikin aminci da mutunci: a yi wa Musulmi taimama maimakon wanka, a sa likkafani, dangi su tsaya daga nesa su yi salla, su ga inda aka sa nasu. Taimama ga gawar da ba za a iya wankewa ba ba sabon abu ba ne a fiƙihu, tana nan tun da. Nijeriya ta tsira da mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da likita Stella Adadevoh da ta hana wani mai ɗauke da cutar, Patrick Sawyer, fita daga asibiti a Legas. A cikin aikin da ya tsayar da cutar har da na masu feshe ɗakuna da motoci da ƙone katifu, waɗanda ba a cika jin sunayensu ba.

Sai dai tsoro ma yakan sauka inda bai kamata ba. Bayan ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, da gobarar tankar mai a mahaɗar Dikko a Janairun shekarar, an yi ta faɗin cewa gawawwaki za su haddasa annoba. Masana sun daɗe da warware wannan: wanda ruwa ko wuta ko harsashi ya kashe ba ya yaɗa annoba a gari, warinsa ba ya ɗauke da cuta. Haɗarin yana kan mai ɗaukarsa da hannu, da kuma ruwan sha idan ya gurɓata. Gaggawar tura mutane ramin bai-ɗaya ba tare da an ɗauki hotonsu an rubuta kamanninsu ba tana barin iyali cikin zullumi na har abada, mace ba ta san ko ta shiga takaba ba, magada ba su san ko a raba gado ba. Ɗaya gefen kuma shi ne feshin burga. A 2020 mun ga motoci suna bin tituna da kasuwanni suna fesa magani saboda korona, ana ɗaukar hoto, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fesa titi ba shi da amfani. Kwangila ce mai daɗin bayarwa domin ba mai iya auna sakamakonta. Ina tsoron ranar da za a ce an karɓi shawarar kafa rundunar tsaftace wuraren kisa, a wayi gari an sayo injinan feshi ɗari an jibge a Minna.

Mariga garin kasuwar shanu ne, don haka a ƙara da wannan a taƙaice. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona kusa da Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, ba a sayar da fatarta. Da zarar an buɗe cikinta ƙwayar ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru gommai. Birtaniya ta gwada ta a matsayin makami a wani tsibiri na Sikotlan a 1942. Sai a 1990 aka ce mutum zai iya taka tsibirin, bayan an jiƙe shi da ɗaruruwan tan na magani.

Akwai kuma maganar shaida. Ƙa'idar masu sana'ar a ko'ina ita ce ba a taɓa wuri sai masu bincike sun sallame shi. A ƙauyen da 'yan sanda ba za su iso ba sai gobe, idan ma sun iso, kuma addini ya ce a gaggauta binnewa, ba za a ce wa mutane su zauna da jini a ɗaki suna jiran ƙwararrun da babu su ba. Cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta gwamnatin jiha da aka fi sani a ƙasar nan tana Legas, an buɗe ta a 2017. Abin da zai yiwu kaɗan ne amma yana da daraja: kafin a zuba ruwa, mai unguwa ko wani ɗan sa-kai ya ɗauki hotuna da waya daga kowace kusurwa, a tattara kwanson harsashi a takarda a miƙa wa hukuma, a hana yara tsince-tsince, domin abin da bai fashe jiya ba yana iya fashewa yau. Kisan da aka wanke ba a rubuta ba, shari'arsa ta mutu tare da mai shi.

To wa zai yi? Ma'aikacin yana nan, mun manta da shi ne. Duba-gari, wanda kakanninmu ke ɓoye tulu idan sun ji tafiyarsa a zamanin En'e, shi doka ta ɗora wa wannan fanni. Tun 2002 akwai hukumar tarayya da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, kuma ita ke ba kamfanonin shara da feshi lasisi. Makarantar koyon fasahar lafiya ta Tungan Magajiya tana cikin masarautar Kontagora. Abin da ya rage wa duba-garin ƙaramar hukuma a yau shi ne zagayen mayanka da karɓar tara a kasuwa, in ma an ɗauki sabo bayan tsohon ya yi ritaya. A gefe guda kuma ga waɗanda suke yin aikin a zahiri ba tare da an sa su ba: 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu, 'yan Red Cross, 'yan sa-kai, direbobin da ke kwaso masu rauni zuwa babban asibitin Kontagora su dawo su wanke mota a bakin rafi, da tsofaffin mata masu wankan gawa. Haɗa waɗannan biyun ne aikin: duba-gari ya horar, ya riƙe kaya, ya rubuta abin da aka yi, 'yan agaji na kowace gunduma, maza da mata, su zama hannunsa. Matan ba ƙari ba ne, domin cikin gida da gawar mace ba wurin namiji ba ne.

Akwai wata fa'ida da ba ta shafi ƙwayar cuta ba. Bai kamata ɗiya ta kankare jinin ubanta ba. Mun san da haka a wajen haƙa kabari, shi ya sa maƙwabta ke karɓar wa 'ya'yan mamaci diga. Wanke ɗaki ne muka bar wa wanda abin ya fi yi wa ciwo, saboda aikin mata ne kuma a ɓoye ake yinsa.

Wani zai ce mutanen da ba su iya kwana a gidajensu, ana karɓar harajin noma a hannunsu, kai kana maganar bilic. Gaskiya ne tsaro ne gaba da komai, kuma babu safar hannun da za ta maye gurbinsa. Amma tsaron ba ya hannun shugaban ƙaramar hukuma, wannan kuwa yana hannunsa. Kayan gunduma guda ba su wuce safar hannu mai kauri irin ta masu wanki, takalmin roba, gilashin ido, takunkumi, rigar leda, bokiti biyu, shebur, manyan ledoji da tabarmi na musanya ba. Bilic na ruwa yana rasa ƙarfi a zafin Maris da Afrilu, don haka garin kulorin irin na hukumar ruwa ya fi dacewa a ajiye, a rufe shi a inuwa, a dama gram 7 a lita guda ranar da ake bukata. Kowane mai aikin a yi masa rigakafin ciwon hanta, allura uku cikin wata 6. An sa ta a jerin rigakafin jarirai a 2004, ke nan duk wanda aka haifa kafin nan, in ba shi ya nema da kansa ba, bai samu ba. Wanda wani abu ya soka yana cikin aiki ya wanke wurin da sabulu da ruwa, kada ya matse, ya isa asibiti cikin awa 72 a fara ba shi maganin kariya daga ƙanjamau na kwana 28. Daga wasu ƙauyukan Mariga, a halin da hanya take ciki, awa 72 ɗin ma sai an yi da gaske, don haka maganin ya kamata a ajiye shi a Bangi, ba sai an je Kontagora ba.